Rabin daƙiƙa ya tona asirin aikin sama da shekara biyu: fashin baƙi kan kutsen xz

Ranar Juma'a 29 ga Maris 2024 wani injiniya Bajamushe mai suna Andres Freund, ma'aikacin Microsoft ne a lokacin amma ainihin aikinsa a kan rumbun bayanan PostgreSQL yake, ya tura saƙo zauren imel na oss-security inda masu harkar tsaron manhaja ke taruwa, ya sanar da cewa an dasa ɓarauniyar ƙofa, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a cikin wata manhaja mai suna xz. Ran nan aka ba matsalar lamba CVE-2024-3094, aka ba ta maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari, wato babu sama da wannan kenan. GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu, ta rufe ma'ajiyar aikin ɗungurungum, hukumar CISA ta Amurka ta ce kowa ya koma tsohuwar siga irin 5.4.6, Ubuntu, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ma sai da ta ɗaga fitar da sigar gwajinta ta 24.04 da mako guda don a sake harhaɗa komai daga tushe, wato a sake mayar da kod ɗin manhajar da inji zai iya gudanarwa. Da yawa daga cikinmu ba mu ma ji labarin ba, saboda abun bai kai ga yin ɓarna ba, an kama shi yana bakin ƙofa. Amma duk wanda ke rubuta kod, ko yake gina shafukan intanet, ko ma dai yake hayar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi a intanet, ɗaya tal a wani kamfani, ya kamata ya san yadda aka yi, don irin wannan harin ne ake yayi yanzu.

To wai menene ma xz ɗin? Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil ya rage girma, dangin zip, tana amfani da dabarar LZMA wadda Igor Pavlov ya ƙirƙira wa 7-Zip. Idan ka taɓa sauke wani abu ka ga sunansa ya ƙare da .tar.xz to ita ce. Tana da laburare mai suna liblzma da sauran manhajoji ke jingina da shi, kuma kusan babu kwamfutar Linux da za ka buɗe ba ka same shi a ciki ba. Linux kuwa shi ke riƙe da galibin sabobin duniya, tun daga shafin ƙaramin kasuwanci har manyan kamfanonin girgije. Abun da zai ba ka mamaki shi ne wannan abu da duniya ta ɗora wa kaya haka, mutum ɗaya ne ke kula da shi a lokacin, wani ɗan ƙasar Finland mai suna Lasse Collin, tun wajajen 2005 yake kan aikin, a lokacinsa na hutu, ba albashi ba alawus.

Nan ne labarin ya fara, ba a cikin kod ba.

A 2021 aka buɗe wani akawun a GitHub da sunan JiaT75, mai shi yana kiran kansa Jia Tan. Ƙarshen shekarar ya fara turo wa Lasse ƙananan gyare-gyare, masu kyau, masu amfani, babu wani abun zargi a ciki. Mutum ne mai ladabi, ya iya aikin, ba ya gajiya. Sai a 2022 wasu sunaye suka ɓullo a zauren imel na aikin, ɗaya Jigar Kumar ɗaya Dennis Ens, suka tasa Lasse a gaba da ƙorafi, wai aiki ya tsaya, wai an turo gyara tun yaushe ba a duba ba, wai babu abun da zai ci gaba sai an samu sabon mai kula. Lasse ya ba su amsa a watan Yunin 2022, amsar da in ka karanta sai ka tausaya masa, ya ce bai daina son aikin ba amma ya jima yana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma su tuna fa aikin sa kai ne ba biyansa ake ba. Maimakon su sassauta sai ɗayansu ya ce ai ya kamata mutum ya san iyakarsa, me zai hana ya miƙa wa wani. Wa ke nan a gefe yana ta taimako ba ƙorafi? Jia Tan. Daga baya da masu bincike suka bi sawun waɗannan masu matsin lamba, sai aka tarar ba su da wani tarihi a intanet kafin wannan lokacin ko bayansa, sun zo sun yi aikinsu sun ɓace. Shi ya sa kusan kowa ya tafi a kan cewa bakinsu ɗaya da Jia, wasu na zafafawa wani na sanyayawa.

Kamar yaron shago ne da ya shekara biyu yana buɗewa da asuba yana rufewa da dare, ko kwabo bai taɓa ɓata a hannunsa ba, har maigida ya gaji ya ce riƙe makullin kawai. Ƙarshen 2022 Jia ya samu ikon saka kod kai tsaye, a 2023 kuma shi ne ma ke haɗa sabuwar siga ya fitar da sa hannunsa. A watan Maris na shekarar ya mayar da adireshin imel ɗin da oss-fuzz ke tura rahoto zuwa nasa, oss-fuzz kuwa tsarin Google ne da ke jefa wa manhajoji bayanan banza ba dare ba rana don ya gano inda za su fashe. Wato ko an gano wani abu, shi za a fara faɗa wa. A watan Yuni wani sabon suna kuma, Hans Jansen, ya turo gyaran da ya shigo da wata dabara mai suna ifunc ta glibc, babban laburaren da galibin manhajojin Linux ke jingina da shi, da hujjar ƙara sauri. Ku riƙe wannan sunan ifunc, za mu dawo kansa.

Yanzu ga inda abun ya burge ni duk da mugunta ce, yadda aka ɓoye kayan. Mutane na ɗauka tunda kod a buɗe yake kowa na gani to ba za a iya saka mugun abu ba. Jia bai saka shi inda ake dubawa ba. Duk manhajar matse fayil tana da fayilolin gwaji, wasu lafiyayyu wasu kuma da gangan aka lalata su don a ga ko manhajar za ta gane lalatacce ne. Waɗannan ba rubutu ba ne da mutum zai karanta, tarkacen lambobi ne kawai, kuma tunda an ce lalatacce ne ba wanda zai yi mamakin ganinsa a hargitse. A watan Fabrairun 2024 ya saka biyu, ɗaya sunansa bad-3-corrupt_lzma2.xz ɗayan good-large_compressed.lzma, a cikinsu ne ainihin mugun kayan yake a dunƙule, a yayyanke, a sassauya. Su kaɗai ba sa yin komai, kwance kawai suke.

Abun da zai tashe su kuma ba ya cikin ma'ajiyar GitHub kwata-kwata. A al'adar irin waɗannan tsofaffin ayyukan na yaren C, mai kula da aiki yakan haɗa wani ƙunshi na musamman wanda masu haɗa nau'o'in Linux irin su Debian da Fedora ke saukewa, ƙunshin yana ɗauke da ƙarin fayilolin harhaɗawa da na'ura ke samarwa, dubban layuka masu gundura da ba mai karantawa. A cikin wannan ƙunshin ne kaɗai ya sauya wani fayil mai suna build-to-host.m4. Idan ana harhaɗa manhajar sai wannan fayil ya je ya ɗauko lalataccen fayil ɗin gwajin nan, ya mayar da haruffan da aka sassauya mazauninsu, sai ga shi ya koma umarni, umarnin ya buɗe na biyun, ya zaro wani guntun kod da aka riga aka harhaɗa ya liƙa shi cikin liblzma. Kuma yana da zaɓe, sai ya duba ya ga Linux ne a kan inji nau'in x86-64, ana amfani da glibc, kuma ana haɗa fakitin deb ko rpm ne, irin wanda Debian da Fedora ke rabawa, sannan zai yi aiki. In kai ne kawai ka sauke kana gwadawa a ɗakinka sai ya yi lamo abunsa. Wato wanda ya duba kod a GitHub zai ga komai fes, wanda ya sauke ƙunshin kuma wani abu daban ya samu, kuma kusan ba wanda ke kwatanta biyun.

Sai tambaya ta gaba, ina ruwan manhajar matse fayil da shiga saba? Ai ba ita ake hari ba, SSH ake hari, wato hanyar da duk mai saba ke bi ya shiga injinsa daga nesa. OpenSSH, manhajar da ke gudanar da SSH ɗin, na asali bai san da zaman liblzma ba ma. Amma Debian da Fedora da wasu sukan yi masa ɗan kwaskwarima don ya riƙa sanar da systemd, manhajar da ke kunna sauran shirye-shirye a Linux, cewa ya tashi, hakan ya sa yake jawo laburarenta libsystemd, shi kuma libsystemd yana jawo liblzma. To ka ga ta bayan gida aka zagayo, mai gadin ƙofar ya ɗauko wani, wanin ya ɗauko wani, na ukun ne ɓarawon. Da zarar liblzma ya shiga cikin sshd, wato ɓangaren OpenSSH da ke gadin ƙofar saba, sai ya yi amfani da ifunc ɗin nan, wadda ke gudana tun da wuri kafin shirin ya gama tashi, ya karkatar da wani aiki mai suna RSA_public_decrypt zuwa nasa. Daga nan duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar SSH sai an duba takardar shaidar da ya miƙo, in akwai saƙon da aka sa wa hannu da wani makulli na musamman nau'in Ed448 sai a zartar da duk umarnin da ke ciki da cikakken iko, ba fasuwod ba komai. Makullin kuwa mai harin ne kaɗai ke da shi, don haka ko ka gano ƙofar ba za ka iya shiga ta nan ba, kuma da wuya ka leƙo daga waje ka gane wace saba ce ke da ita.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke nuna irin natsuwar mutumin. Akwai kariya ta Linux mai suna Landlock da ke takaita abun da shiri zai iya taɓawa. Lokacin harhaɗawa akan gwada wani ɗan guntun kod, in ya yi aiki a kunna kariyar, in bai yi ba a ce injin bai da ita a wuce. Jia ya saka ɗigo ɗaya tal a gefen layi a cikin wannan guntun, ɗigon ya sa a ɗaya daga cikin hanyoyin harhaɗa xz kullum gwajin ke faɗuwa, kullum kariyar a kashe. Ɗigo ɗaya fa.

An fitar da 5.6.0 ranar 24 ga Fabrairu, sai 5.6.1 ranar 9 ga Maris, saboda na farkon ya fara sa wata manhajar binciken kurakurai mai suna Valgrind ihu a wasu injina, sai Jia ya yi sauri ya gyara mugun kayansa ya ce gyaran kuskure ne. Daga nan aka shiga kamun ƙafa, Hans Jansen ya sake bayyana a Debian yana neman a ɗauki sabuwar sigar, wasu baƙin sunaye suka zo suna mara masa baya, Jia da kansa ya nemi Ubuntu ta ɗauka. Ya riga ya shiga Debian na gwaji, da Fedora Rawhide da Fedora 40 na gwaji, da openSUSE Tumbleweed, da Kali Linux na 'yan kwanaki. Saura ƙiris ya shiga manyan sigogin da kamfanoni ke ɗora sabobinsu a kai su manta na shekaru. Wasu masu bincike na ganin gaggawar da ta sa aikin ya yi ɗan kwaɓa a ƙarshe ta samo asali ne daga wani sauyi da masu systemd ke shirin yi a daidai lokacin, wanda zai sa ya daina jawo liblzma kai tsaye, wato hanyar na gab da toshewa.

Shi kuwa Andres ba binciken tsaro yake ba. Yana auna saurin PostgreSQL ne a kan Debian na gwaji, irin aikin da ke buƙatar inji ya yi tsit, sai ya lura sshd na cin ƙarfin kwamfuta fiye da ƙima ko da mai shigar ya saka sunan da babu shi. Ya auna, shigar da ke ɗaukar kusan daƙiƙa 0.3 ta koma 0.8. Ya bi diddigi ya ga lokacin a cikin liblzma yake tafiya, sai ya tuno ƙorafin Valgrind da ya gani makonnin baya, ya haɗa wannan da wancan. Shi da bakinsa ya ce sai da abubuwa da yawa suka dace kafin ya gano. Mutum nawa ne zai ga jinkirin rabin daƙiƙa ya ce sai ya san dalili? Mu nan da netwok ya saba mana da jira ai ko gezau.

Shi ya sa ni ban yarda da masu cewa wannan nasara ce ta buɗaɗɗen kod ba, wai idanu da yawa sun kama ɓarawo. Eh, da rufaffen kod ne da Andres bai iya bin sawun har gindi ba, wannan gaskiya ne, kuma cikin kwanaki kaɗan jama'a daga ko'ina suka farke kayan filla-filla. Amma idanun nan masu yawa ina suke tsawon watannin da ake matsa wa mutum ɗaya marar lafiya a bainar jama'a? Saƙonnin a buɗe suke kowa na iya karantawa. Manyan kamfanoni masu biliyoyin daloli suna amfani da aikinsa kyauta, wanda ya zo ya kama masa da gaske shi ne mai son cutarsa. Kuma ba yau aka fara ba. Lokacin matsalar tsaro ta Heartbleed a 2014 aka gano gudummawar da OpenSSL, laburaren da aka samu matsalar a cikinsa, ke samu a shekara ba ta wuce dala 2,000 ba, alhali shi ke tsare kaso mai tsoka na shafukan duniya. Da aka gano babbar matsalar tsaro a laburaren Log4j a Disambar 2021 ma 'yan sa kai ne suka kwana suna gyara yayin da kamfanoni ke musu tsawa. Har yau ba a bayyana ko waye Jia Tan ba, mutum ɗaya ne ko gungu, amma haƙurin da tsarin sun sa masana da yawa na zargin aikin wata gwamnati ne. Makonni kaɗan bayan tonuwar asirin xz gidauniyoyin buɗaɗɗen kod na OpenJS da OpenSSF suka fitar da gargaɗi cewa su ma sun ga irin wannan yunƙurin na neman a ba wasu baƙi ikon kula da wani aikin JavaScript.

Kada masu gina shafuka su ce wannan matsalar 'yan Linux ce, ai namu ɓangaren ya fi muni. Ka rubuta npm install, umarnin sauke fakitin JavaScript daga rumbun npm, sau ɗaya sai ka ga ɗaruruwan fakiti sun sauko, kai guda biyar ka nema, sauran 'yan rakiya ne, kuma kowanne akwai mutumin da ke riƙe da makullinsa wanda ba ka san ko sunansa ba. A 2018 mai fakitin event-stream ya gaji da aikin, wani baƙo ya ce zai karɓa, ya ba shi, baƙon ya saka kod ɗin satar Bitcoin da ke harin manhajar Copay. A 2024 aka sayar da adireshin polyfill.io ga wani kamfani, shafuka sama da 100,000 da ke jawo kod kai tsaye daga can suka wayi gari ana karkatar da wasu maziyartansu zuwa shafukan damfara, masu shafukan ba su taɓa ko layi ɗaya ba. A Satumbar 2025 kuma saƙon imel na bogi ɗaya da ya yi kama da na npm ya yaudari mai kula da fakitin chalk da debug, aka ƙwace akawun ɗinsa aka fitar da gurɓatattun sigogi masu sauya adireshin kuɗin kirifto, fakitin da jimillarsu ake saukewa sama da sau biliyan 2 a mako. An kama cikin sa'o'i, amma a watan nan dai aka sake ganin wata tsutsa a npm da ke satar makullan masu kod ta yi amfani da su ta yaɗa kanta zuwa sauran fakitinsu. Ga kuma sabon salo da ƙirƙirarriyar basira ta kawo, ka ce ta rubuta maka kod sai ta ambaci sunan fakitin da babu shi a duniya, masu kutse kuma sun gane, suna yin rajistar irin waɗannan sunayen su zauna jira.

To me mutum zai yi? Ba za ka karanta kod ɗin duniya ba, wannan ba mai iyawa. Amma lura da abu ɗaya, a labarin xz waɗanda suka tsira su ne masu tafiya a hankali, Debian tabbatacce da Ubuntu na dogon zango da Red Hat na kamfanoni duk abun bai kai gare su ba saboda ba sa rawar jikin ɗaukar sabuwar siga. Haka a npm, mafi yawan gurɓatattun sigogi cikin sa'o'i ko kwanaki ake cire su, don haka wanda ya ɗaure sigoginsa da fayil ɗin kulle, yake amfani da npm ci, umarnin da ke sauke sigogin da ke fayil ɗin kullen kawai, a saba, yake barin sabuwar siga ta ɗan kwana biyu kafin ya ɗauka, ya kauce wa da yawa, sai dai in gyaran tsaro ne na gaggawa, wannan kam ba a jira. Rage yawan abun da kake jawowa, aikin layi goma rubuta abunka. Kod ɗin da shafinka ke buƙata ajiye shi a sabarka maimakon jawo shi daga adireshin wani. SSH ɗinka kada ka bar shi a buɗe ga duk duniya in ba dole. Sannan 'yan uwana masu WordPress da ke sauke filogin na kuɗi da aka fasa ana rabawa kyauta a Telegram su ɗora wa shafin kwastoma, ku kam ba sai an yi muku shirin shekara biyu ba, da hannunku kuke buɗewa.

A sama ma ana ɗan motsi. Jamus ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a 2022 da ke biyan masu kula da irin waɗannan ayyukan na tushe, Tarayyar Turai ta yi dokar Cyber Resilience Act da ta fara aiki a Disambar 2024 wadda za ta tilasta wa masu sayar da kayan dijital su san me ke cikin manhajarsu, kodayake manyan sharuɗɗanta sai ƙarshen 2027. Debian kuma ta daɗe tana aikin ganin duk wanda ya harhaɗa kod ɗaya ya samu sakamako iri ɗaya daidai wa daida, sannan bayan xz an ƙara matsa wa ayyuka su riƙa kwatanta ƙunshin da suke rabawa da abun da ke ma'ajiyarsu, wanda shi ne ainihin ramin da Jia ya bi. Masu systemd sun kammala sauyin nan, OpenSSH ma ya saka hanyarsa ta sanar da systemd ba tare da jawo laburaren ba.

Lasse ya karɓi aikinsa, ya bi duk abun da Jia ya taɓa yana tantancewa, ya fitar da tsaftatacciyar 5.6.2 a ƙarshen Mayun 2024. Sai dai gurɓataccen kayan bai gama ɓacewa ba, a watan Agustan 2025 kamfanin tsaro na Binarly ya ce ya tarar da tsofaffin ƙunshin Debian na gwaji a Docker Hub, rumbun da ake sauke shiryayyun ƙunshin manhaja, da har lokacin ke ɗauke da ɓarauniyar ƙofar, wasu ma an gina wasu ƙunshin a kansu. In kana da Dockerfile, wato fayil ɗin umarnin gina irin wannan ƙunshin, da ke jawo tsohon Debian na gwaji daga watan Maris na 2024, buɗe shi ka duba sigar xz ɗin da ke ciki.